Daga Tabarmar Kaka Zuwa Kabad ɗin Makaranta: Yadda Aka Yi Wa Yaron Bahaushe Littafi

A gidanmu, da an idar da sallar lisha an suɗe kwanon tuwo, sai mu tattaru a tabarmar kakarmu a tsakar gida. Ba ta taɓa riƙe alli ba, ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma da ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," muka amsa "Ta zo mu ji ta," ko tari ba mai yi. In ta zo kan Gizo sai ta maƙale murya ta yi tsamin bakinsa, sarki ya koma "shaiki". In Dodo ne sai ta kumbura murya har ƙananan cikinmu su lafe a jikinta. A tsakiyar labari akwai waƙa, ita ke bayarwa, mu muna amshi. Sai da na girma na gane ashe idanunmu take kallo tana auna labarin. In ta ga gyangyaɗi ya fara, ta yanke hanya ta kai ƙurunƙus. In ta ga idanu a bushe, ta ƙara wa Gizo wata ɓarnar.

Duk maganar adabin yara a Hausa daga irin wannan tabarma take farawa. Amma idan ana lissafin waɗanda suka yi wa yaron Bahaushe hidima ta fuskar karatu, yawanci sai a ambaci Abubakar Imam a yi shiru. Imam ya cancanci duk yabon da ake yi masa, har da ƙari. Sai dai littafi ba ya isa hannun yaro da ƙoƙarin marubuci shi kaɗai. Sai an sami mai labari, da malamin da ya san iya nauyin da yaro zai ɗauka, da maɗaba'a, da wanda zai biya kuɗin, da wanda zai ajiye ya ba da aro. Akwai zamanin da waɗannan hannaye suka haɗu a Arewa. Wanda ya fahimci yadda suka haɗu, zai gane abin da ya sa yau littattafan Hausa na manya suka cika kasuwa da waya, na yara kuwa sai an tona.

Waɗanda suka fara zuba tatsuniyoyin Hausa a takarda ba don yara suka yi ba. J. F. Schön, wani ɗan mishan, ya fitar da Magana Hausa a 1885, kuma yawancin abin da ke ciki daga bakin Dorugu ya ji shi, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram da ya bi matafiyin nan Barth zuwa Turai. Frank Edgar, jami'in mulkin mallaka, ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i uku a Belfast tsakanin 1911 da 1913. A 1913 ɗin kuma R. S. Rattray ya fitar da nasa tarin daga ƙasar da ake kira Ghana yanzu, wanda wani Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami. Manufarsu ita ce Bature ya koyi Hausa, ya san halin mutanen da yake mulka ko yake wa wa'azi. Taska ce babba, kuma ba don su ba da ɗimbin labarai sun bi tsofaffi kabari. Amma a lura da hanyar da labaran suka bi: mace ce ke yin tatsuniya a cikin gida, namiji malami ya rubuta abin da ya tuna, Bature ya juya zuwa boko ya sa sunansa a bango. A kowane zango sai an zubar da wani abu, kuma abin da ya fi saurin zubewa shi ne murya da karin waƙa.

Matsalar littafin yara ta taso ne da makarantar boko. Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909. A farkon shekarun 1920 aka buɗe Kwalejin Katsina domin horar da malamai. Elementare da midil suka fara yaye yaran da suka iya haɗa baƙi da wasali, amma in an tashi daga aji babu abin karantawa. Karatu kuwa kamar wuƙa yake, in ba a wasawa sai ya dakushe. Don haka aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, shi ma jami'in ilimi ne.

A 1933 East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai, ya sa gasa. Abin bai zo da sauƙi ba, kuma dalilin yana da muhimmanci. A wurin malamin wancan zamani rubutu abu ne mai alfarma, na addini da shari'a da tarihi da wa'azi. Ƙagaggen labari kuwa tatsuniya ce, abin mata da yara, wadda ko mai yin ta sai ta rufe da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. A ce wa dattijo mai rawani ya zauna ya ɓata tawada kan ƙarya, ai kamar an raina shi ne. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. A dubi sana'ar na gaba-gaba cikinsu. Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, yana da shekara 22. Bello Kagara malami ne a Katsina. Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Midil ta Bauchi. Masu alli a hannu ne suka karɓi kiran, domin su ne kullum suke tsaye gaban yaran da ba su da abin karantawa.

A 1936 aka ɗauko Imam daga aji aka kai shi Zariya na wata shida, ya rubuta Magana Jari Ce, juzu'i uku, aka fara buga shi daga 1937. An daɗe ana muhawara kan wannan littafi, domin sananne ne cewa East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, kuma da yawa daga labaran can aka samo tushensu. Wasu na ganin wannan ya rage masa daraja. Ni ban ga haka ba. Labari matafiyi ne tun fil azal, kuma kakarmu ma ba ita ta ƙagi Gizo ba. Gwaninta tana wurin tufatarwa. Imam ya ɗauki baƙon labari ya sa masa riga da hula, ya zaunar da shi a fada tsakanin sarki da waziri da dogarai, ya sa masa karin magana a baki, har yaron Funtuwa ko na Azare ya karanta bai ji ƙamshin baƙunci ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ginin juzu'i na farko. Sarki ya tafi yaƙi, ɗansa Musa yana son ya fice ya bi shi, maƙiya na jiran fitarsa, aku kuma ba shi da makamin tsare shi sai labari. Dole kowane labari ya yi daɗin da zai riƙe yaro har gari ya waye. Wannan fa ita ce matsalar kaka a tabarma, ita ce kuma matsalar malami a aji bayan an dawo tara, rana ta take, yara na hangen ƙofa. Mutumin da bai taɓa fama da hankalin yara ba da wuya ya gina littafi a kan wannan dabara. Tsawon labaran ma haka: kowanne ana iya gama shi a zama ɗaya, a karanta da ƙarfi, a yi tambayoyi, a fitar da karin maganar da ke ciki. Jimlolinsa na kunne ne. Karanta shafi ɗaya a bayyane za ka ji inda numfashi ke sauka da kansa.

Wannan ba ya hana a faɗi inda littafin ya gaza. Duniyarsa ta maza ce da fada, domin ɗaliban da aka rubuta wa kusan duk maza ne, 'ya'yan sarakuna da ma'aikatan En'e. Yarinyar da ta karanta ba ta cika ganin kanta a ciki ba. Marainiyar tatsuniya da kishiyar uwa ke aika rafi mai nisa, wadda ladabinta ke fitar da ita, ba ta sami wuri sosai a fadar Imam ba.

Daga baya Imam ya bar aji. Ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939, ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, ya haɗu da East suka yi Ikon Allah domin koya wa yara sanin halittu da Hausa. An haife shi a Kagara a 1911, ya rasu a Zariya a 1981.

Yanzu ga gaɓar da aka fi mantawa. Me ya sa littafin da aka rubuta a 1936 ya kai hannun yaron da aka haifa bayan shekara talatin ko arba'in? Domin akwai injin da ke bayansa. An kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945 da maɗaba'arsa. A farkon shekarun 1950 aka kafa NORLA, hukumar talifi ta Jihar Arewa, daidai lokacin Yaƙi da Jahilci, wanda Ahmadu Coomassie yake cikin jagororinsa. Ta buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna irin su Zaruma ta Sakkwato, Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano, kafin a rufe ta a 1959. A 1966 aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a Zariya da haɗin gwiwar Macmillan, ya gaji waɗannan littattafai ya ci gaba da sake buga su. Duk wanda ya yi firamare a Arewa a shekarun 1970 da 1980 zai tuna Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, daga nan a haura zuwa Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, sannan Magana Jari Ce. Tsani ne, kowane mataki na ɗora yaro kan na gaba.

Sirrin injin shi ne mai saye. Littafin yara ya bambanta da kowane littafi ta wannan fuska: mai karanta shi ba shi ne mai biyan kuɗinsa ba. Yaro ba shi da aljihu. A wancan zamani En'e da ma'aikatar ilimi ne ke saye da yawa su raba wa makarantu, don haka mai maɗaba'a ya san in ya buga zai sayar. Da kuɗin gwamnati ya ja baya a shekarun 1980, darajar naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda da tawada kuma daga waje ake shigo da su, sai wannan ciniki ya tsinke. A daidai lokacin ne marubutan Kano suka ɓullo da littattafan soyayya, suna bugawa da kuɗinsu. Su sun rayu, domin budurwa ko matar aure tana iya cire kuɗi daga adashinta ta saya, ko ta karɓi haya a shago. Littafin yaro kuwa yana buƙatar zane, da launi, da manyan baƙaƙe, da takarda mai kauri da za ta jure hannu mai maiƙo. Ya fi tsadar bugawa, ga shi ba mai saye. Ba rashin marubuta ne ya kashe shi ba.

Kafin a kai ga wannan tsinkewa, akwai malamin da ya yi ƙoƙarin mayar wa yara abin da aka zubar a hanya. Ibrahim Yaro Yahaya, wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Bayero ta Kano, ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi na 1 zuwa na 6, a farkon shekarun 1970. Shi bai je Bagadaza neman labari ba. Tsakar gida da dandali ya koma, ya kawo Gizo da Ƙoƙi da waƙoƙinsu da wasannin yara ya shigar da su aji. A ganina wannan aiki bai gaza na Imam muhimmanci ba, domin ya gaya wa yaro cewa abin da yake ji a bakin kakarsa ma ilimi ne da ya isa a buga. Shi ne kuma ya rubuta Hausa a Rubuce a 1988, inda ɗalibai da yawa suka fara sanin tarihin hukumomin da na ambata.

Saura hannu na ƙarshe, wanda ba a rubuta sunansa a bangon littafi: mai ajiya da ba da aro. Tun zamanin En'e akwai ɗakunan karatu a manyan garuruwa, daga baya babban laburaren Jihar Arewa a Kaduna ya riƙa tallafa musu da littattafai. Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da aikin laburare a 1968. Mutane da yawa sun ɗauka aikin ma'aikacin laburare shi ne gadin kanta da hana surutu. Na sashen yara aikinsa ya wuce nan nesa. Shi ke zaɓen abin da za a saya. Shi ke sanin cewa littafin da bangonsa ya yage shi ne ake so, wanda ya zauna fes kuwa ba mai taɓa shi. Shi ke sauko da kanta daidai tsawon yaro, ya ware sa'ar karanta labari a bayyane, ya lura da yarinyar da ta gama wannan ya miƙa mata na gaba da shi.

A firamarenmu ba mu da laburare, kabad ɗaya ne na katako a ofishin hedimasta, makullinsa a hannun malamin Hausa. Ran Alhamis yake buɗewa. Yana da wani littafin rubutu da ya ja wa layi da rula: suna, aji, sunan littafi, ranar dawowa. Kowane littafi ya yi masa riga da takardar buhun siminti, wanda ya ɓalle kuma ya ɗinke shi da zare da allura. In ka dawo da littafi ba ya karɓa sai ya ce, "To, ba ni labarin." In ka yi inda-inda ya mayar maka ya ce ka ƙara mako. Ba a biyan shi ko kwabo kan wannan. Littattafan ba su fi a ƙirga da hannu a ɗan lokaci ba, amma sun zaga ajinmu kaf, har yayyenmu mata da ba a sa su makaranta ba muna karanta musu a gida.

Shekarun baya na shiga wani laburaren gwamnati da 'yata, na nemi sashen yara. Sai da aka nemo mai makulli. Ƙura ta rufe kantoci, yawancin abin da ke kai kyauta ce daga ƙasashen waje, labaran dusar ƙanƙara da dabbobin da ba ta taɓa jin sunansu ba. Na Hausa 'yan ƙalilan ne, su ma tsofaffin bugu. Ma'aikaciyar ta san aikinta sarai, har ta nuna mini jerin littattafan da ta rubuta tana so a saya. Ba a ba ta kuɗin ba. Na fito raina a ɓace, domin ga gwana an ajiye ta ba kayan aiki.

A takarda, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare. A aikace, makarantun kuɗi da yawa suna hukunta yaron da ya yi Hausa a harabarsu, iyaye kuma suna jin daɗi, don suna ganin Turanci ne abincin gobe. Ba na zargin uban da ke nema wa ɗansa mafita. Amma yaron da ya fara gane cewa baƙaƙen nan magana ce, a harshen da yake mafarki da shi, ya fi saurin ɗaukar karatun wani harshen. A 'yan shekarun nan an yi shirye-shirye masu kyau da tallafin ƙasashen waje, irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, inda aka horar da malamai aka buga littattafan koyon karatu da Hausa. Sun yi amfani. Sai dai littafin koyo mataki na farko ne na tsani, kuma shirin tallafi yana da ranar ƙarewa. Yaron da ya iya haɗa baƙi ya waiwaya bai ga abin karantawa ba ya koma daidai inda yaran 1929 suka tsaya.

A Nijar ma an gwada, tun makarantar gwaji da aka buɗe a Damagaram a 1973 ana koyarwa da Hausa. Yaron Maraɗi da na Katsina Gizo ɗaya suka sani, kuma da littafi na tsallaka iyaka da sauƙi da kasuwar ta isa ta riƙe mai bugawa. Amma manhaja daban, kuɗi daban, har rubutun ma akwai 'yan bambance-bambance, can su rubuta ƴ, nan mu rubuta 'y. Yau masu tattara tatsuniya irin su Dokta Bukar Usman, tsohon babban sakatare ɗan Biu da ya fitar da Taskar Tatsuniyoyi, da ƙoƙarin kansu suke yi, aikin da a da hukuma guda ke ɗauke da shi.

Bayan mun dawo daga laburaren nan, na lalubo wani tsohon littafin tatsuniyoyi a akwatina na zauna karanta wa 'yata da dare. Muna cikin tafiya muka iso wurin waƙa. Kalmomin na nan a shafi, layi huɗu, amma karin ya ɓace mini. Na karanta su kamar mai karanta sanarwa, yarinya ta dube ni ta ce, "Baba, ai wannan ba waƙa ba ce." Kakarmu ta daɗe da rasuwa. Sai na ɗauki waya na kira ƙanwar mahaifina a gida.

"Gwaggo, kin tuna waƙar marainiyar nan da aka aika rafi?"

Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, da daren nan? Miƙa wa 'yar tawa wayar."

Na buɗe muryar wayar na ajiye a kan tabarma. Gwaggo ta bayar, ta koya wa yarinyar amshi, sau biyu ta gyara mata. A karo na uku na danna ɗaukar murya.